Tsohon Ido Ko Sabo: Wanne Ya Kamata Mai Hoto Ya Saya?

Gabatarwa

Abin da zan yi bayani a kai shi ne wani ɗan abu da kowa ya taɓa tsayawa a gabansa, amma ba kowa ya taɓa tambayar aikinsa ba, watau gilashin nan da ke gaban kyamara, wanda masu hoto ke kira lens, mu kuwa a nan za mu kira shi idon kyamara. Wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da wannan? To, ruwansa da yawa. Da farko dai darasin haske ne da muke yi a aji ya fito fili ya zama sana'a. Na biyu kuma, samari da yawa a ƙasarmu, tun daga Yako da Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, in sun gama makaranta sukan kama ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren biki da suna, jarin kuwa sau da yawa daga aljihun uba yake fitowa, ko a sayar da akuyar uwa. Wanda za a sayar wa akuya ya kamata ya san abin da za a sayo da kuɗin.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan magana shi ne wata gardama da aka yi a gidanmu tsakanin kawuna da yayana. Kawu ya yi sana'ar hoto da ƙuruciyarsa, yana yawo a kan keke ran kasuwa da ran Sallah da wata kyamara mai suna Zenit. Da fim ya yi wuyar samu, sai ya naɗe ta a tsumma ya jefa cikin adaka. Yaya kuwa ya sayo kyamarar zamani ta hannu a Kano, sa'an nan ya gani a intanet cewa masu hoto a ƙasashen waje suna ta neman tsofaffin idanu irin na Kawu ruwa a jallo. Ya je ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah a ba ni idon kyamarar nan ta cikin adaka." Kawu ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, abin da muka yi shekaru muna ɓoye aibinsa, shi ne yau kuke kira ado?" Abin mamaki ke nan, tsoho yana yabon sabo, yaro yana yabon tsoho. Domin mu gane wa ke da gaskiya, sai mun fara sanin aikin idon kansa.

Yadda Idon Kyamara Ke Aiki

Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana a ɗaki mai duhu, ƙofa a rufe sai wata 'yar huda, watakila ya lura da inuwar masu wucewa tana gilmawa a jikin bango, kai ƙasa ƙafa sama. Wannan shi ne asalin kyamara. Wani malami Musulmi, Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya yi bayanin haka a littafinsa Kitabul Manazir wanda ya rubuta a Masar tsakanin 1011 da 1021. Shi ne ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, sa'an nan a gani.

Matsalar huda ita ce, in ta yi ƙanƙanta surar ta yi duhu, in an faɗaɗa ta surar ta dagule. Maganin haka shi ne gilashi mai tozo, wanda ke lanƙwasa haske ya tara shi wuri guda. Amma gilashi ɗaya bai iya aikin sosai ba. Hasken da ya bi ta gefensa da wanda ya bi ta tsakiyarsa ba sa haɗuwa daidai, launuka kuma kowanne da yadda yake lanƙwasa, kamar yadda muke gani a bakan gizo. Saboda haka sai maƙera suka riƙa jera gilasai da yawa cikin bututu ɗaya, wannan yana gyara kuskuren wancan.

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Duk fuskar gilashin da haske ya ratsa, wajen kashi 4 cikin 100 nasa yakan koma baya. Ga ɗan lissafi ga 'yan ajin kimiyya: idon da ke da fuskoki 8 masu taɓa iska, in babu wani shafi a kansu, abin da ke wucewa kai tsaye bai wuce kashi 72 cikin 100 ba. Ragowar kuwa ba duka ke fita waje ba, wani yakan yi ta kai da kawowa cikin bututun, daga bisani ya sauka a kan hoton kamar hazo. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, a kamfanin Carl Zeiss na Jamus, ya gano hanyar shafa wa gilashi wani siririn shafi mai rage wannan ɓarna. A 1971 kamfanin Asahi Pentax na Japan ya fito da idanu masu shafi hawa-hawa. Ƙyallin nan shuɗi ko kore da mutum ke gani in ya leƙa idon kyamara, shafin ke nan.

Halin Tsohon Ido

Idon da ke jikin kyamarar Kawu sunansa Helios 44. A Tarayyar Sobiyet aka ƙera shi, tun daga 1958, an kwaikwayi wani idon Jamus mai suna Biotar, aka yi ta buga shi miliyoyi, shi ya sa har yau ba ya wuyar samu. Tsawonsa milimita 58, gilasansa 6, jikinsa ƙarfe ne, kuma da hannu ake murza shi har sura ta fito sarai.

In an buɗe shi gaba ɗaya, watau lambar da ake rubutawa f/2, halinsa uku ne. Tsakiyar hoto takan fito da kyau, amma gefe-gefe sai ya yi laushi. Abin da ke bayan mutum, kamar ganyen bishiya, sai ya riƙa juyawa kamar 'yar guguwa ta kewaye shi. In kuma rana ta leƙo ta gaba, sai hoton ya yi fari-fari, launi ya dushe. Wasu tsofaffin idanun suna da nasu halin dabam. Akwai wasu ƙirar Takumar na Japan, na shekarun 1960, da aka sa wa gilashinsu wani sinadari mai suna toriyam, wanda ke sa gilashin ya koma ruwan ɗorawa in ya daɗe, hoto ya riƙa fitowa kamar an ɗauka da la'asar sakaliya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, duk waɗannan abubuwa da ake kira hali, asalinsu kurakurai ne da maƙeran wancan zamani ba su iya kawar da su ba. Wannan bai hana su zama abin sha'awa ba. Wushirya ma ai a wurin likitan haƙori rashin daidaito ce, amma a wurinmu ado ce, har waƙa ake yi mata.

Halin Sabon Ido

Sabon ido kwamfuta ce ke lissafa lanƙwasar kowane gilashi a cikinsa, wani yana ɗauke da gilasai 15 ko fiye, duk an shafe su. Burin maƙerinsa shi ne kada ido ya ƙara kome, kada ya rage kome. Hoto ya fito sarai daga wannan kusurwa zuwa waccan, fari ya fito fari, ja ya fito ja, ko da rana na gaba. Bugu da ƙari yana saita kansa da kansa. Tun 1985, da kamfanin Minolta ya fito da kyamararsa mai lamba 7000, wannan dabara ta bazu, har ta kai yau kyamara na iya bin ƙwayar idon mutum yana tafiya.

To me ake zarginsa da shi? Masu zargi sun ce ba shi da kara. Ƙurji da tamoji da gumin goshin amarya, duk sai ya fallasa su. Sun kuma ce hoton wannan da na wancan duk kamarsu ɗaya, ba a gane hannun mai ɗauka. Har wa yau akwai injin lantarki a cikinsa, in ya lalace ba kowane mai gyara ke iya taɓa shi ba, ga shi kuma galibi ya fi tsohon tsada nesa ba kusa ba.

Abin Da Ya Dawo Da Tsoho Kasuwa

Dalili biyu ne. Na farko, kyamarorin zamani marasa madubi a ciki, irin wadda kamfanin Sony ya fito da ita a 2013 mai suna A7, jikinsu siriri ne, saboda haka da ɗan zoben haɗi mai araha ana iya ɗaura musu kusan kowane tsohon ido. Na biyu, masu shirya finafinai sun ga hoton zamani ya cika kaifi, suka koma neman abin da zai tausasa shi. Wani gwanin ɗaukar fim ɗan Ostareliya, Greig Fraser, ya yi amfani da tsofaffin idanun Sobiyet a wasu fitowa na fim ɗin The Batman a 2022 da Dune kashi na biyu a 2024. Masu finafinan Hausa a Kano ma, waɗanda suka faro da kyamarar kaset a 1990 da fim ɗin Turmin Danya, yanzu da kyamarori masu canjin ido suke aiki, saboda haka zaɓin ya iso har ƙofar gidanmu.

Amma akwai abin da Yaya bai lura da shi ba. Mai shirya fim yana da idanu cike da akwati, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan, in fitowa ta ɓaci ya ce a sake, ko sau goma ne. Ɗaurin aure kuwa ba a sake shi, haka raɗin suna.

Abin Da Ya Faru Ran Sallah

Kawu ya ba Yaya idon, ya sayo zobe ya ɗaura. Ran Babbar Sallah da la'asar aka tara mutanen gidanmu kaf a gindin darbejiyar ƙofar gida domin a yi hoto. Yara suka yi rububin tsakiya, kakarmu kuwa, wadda muke kira Inna, aka ajiye mata kujera a can gefe saboda ƙafarta. Rana tana bayansu. Yaya ya buɗe idon gaba ɗaya don yana son ganyen darbejiya ya yi juyin nan da ya gani a intanet. Ya duba ɗan allon bayan kyamara, ya ga abu ya yi kyau, aka watse.

Da aka wanko hoton babba a Kano, sai ga yaran tsakiya sun fito tas, ganye ya yi juyi gwanin sha'awa, amma fuskar Inna kamar ana hangen ta cikin hazon hunturu. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta ce, "Yanzu wannan ni ce, ko wata baƙuwa kuka samo?" Aka yi ta dariya, Yaya ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, Sallah mai zuwa zan sake miki." Allah bai nufa ta ga wata Sallar ba. Wannan hoto shi ne na ƙarshe da aka yi da ita cikin jikokinta.

Bayan an share makoki Kawu ya kira Yaya, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, laifin ba na idon ba ne, na hannu ne. Mu da muke aiki da shi, in taro ne mukan tsuke shi zuwa 8, mu ba rana baya, mu sa manya a tsakiya." Gaskiyarsa kuwa, domin in an tsuke ƙofar ido daga f/2 zuwa f/8, hasken da ke shiga ya koma kashi 1 cikin 16, kuma ta tsakiyar gilashi kaɗai yake bi, inda kuskure ya fi ƙaranci. Sai dai in an yi haka juyin ganyen ya tafi. Ashe tsohon ido ma in an matsa masa yana faɗin gaskiya, amma a lokacin ya ajiye adon da aka saye shi dominsa.

Daga nan na fahimci cewa hoto iri biyu ne. Akwai hoton shaida, kamar fasfo na jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da hoton 'yan aji, da taron dangi, da kayan da ɗan kasuwa zai tura wa mai saye ta waya, inda in launin atamfa ya canja ciniki ya ɓaci. Akwai kuma hoton ado, kamar na mutum ɗaya a bakin madatsar ruwa ta Tiga da yamma, ko waƙa a cikin fim. Na farko amana ce, yana bukatar ido mai faɗin abin da ya gani. Na biyu kuwa mai ɗauka yana da damar ya sa son ransa.

Ƙasarmu Da Yanayinta

Yawancin masu yabon tsohon ido a intanet suna zaune ne a ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi kamar tamu, don haka sai mu auna maganarsu da yanayinmu. Da hunturu iska kanta cike take da ƙura, launi ya riga ya dushe, in aka ƙara da ido mai hazo sai ya zama hazo kan hazo. Da damina kuma, musamman wajen Doguwa da dajin Falgore inda ruwa ya fi yawa, danshi kan sa fumfuna ta tsiro cikin gilashin da aka rufe a adaka, ta yi zare-zare kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta cinye shafin.

Sai maganar fatarmu. Baƙar fuska da farar babbar riga cikin tsakar rana abu ne mai wuya ga kowace kyamara, ko riga ta ƙone ko fuska ta nutse. Wasu na cewa tsohon ido ya fi tausaya wa baƙar fata, don yana sa inuwa ta yi haske. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a lura, hazo ne ya rufe inuwar, ba kamannin fuskar ne suka ƙaru ba. Maganin na sosai shi ne a kai mutum inuwa, ko wani ya riƙe farin ƙyalle a gefe ya maido masa haske a fuska. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Akwai kuma ƙuncin wuri. Yawancin kyamarorin da samarinmu ke iya saye ƙaramin faranti ne da su a ciki, watau abin da ke karɓar surar a madadin fim. A kan irinsu ido mai milimita 58 yakan yi aiki kamar mai 87, watau yana jawo abu kusa ƙwarai. A ɗakin amarya ko a zaure, sai mai hoto ya ja da baya har ya dangana da bango bai haɗa mutum huɗu ba. In kuwa dawaki ne ke sukuwa ran hawan Sallah, kafin ya gama murza ido da hannu mahayin ya wuce.

Shawara Ga Mai Saye

1. Wanda kuɗinsa na ido ɗaya ne, kuma da shi zai ci abinci, ya fara da sabo, ko da na hannu ne. Hoton da ya fito sarai ana iya tausasa shi a kwamfuta, amma fuskar da ba ta fito ba babu mai dawo da ita.

2. In sana'a ta kankama, ya ƙara da tsoho domin hoton mutum ɗaya da na nishaɗi. Wanda kuwa ya gaji tsoho a gida kada ya yar, da tsohuwar zuma ake magani.

3. Kafin ya biya kuɗin tsoho, ya haska tocila ta bayansa ya leƙa ta gaba, ko akwai fumfuna ko ƙura mai yawa. Ya murza shi ya ji ko yana tafiya sumul, ya duba 'yan ganyayen ƙarfen da ke tsuke ƙofar ko mai ya jiƙa su. Araha ba ta ado.

4. Kada ya gwada sabon kaya ran bikin mutane, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya manna shafin jarida a bango, ya ɗauka a f/2 da f/4 da f/8, ya buɗe a babban allo ya karanta rubutun tsakiya da na kusurwa. Wannan gwaji ko ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya yin sa, gani kuwa ya kori ji.

5. Ya ajiye idanunsa wuri busasshe mai shan iska, ya riƙa fito da su, kada ya goge gilashi da bakin riga alhali da ƙura a kai.

Kammalawa

A taƙaice, gardamar Kawu da Yaya kowa yana da rabin gaskiya. Sabon ido kamar marubucin kotu yake, abin da aka faɗa shi yake rubutawa. Tsoho kuwa kamar maroƙi, yana ƙara gishiri, wani lokaci gishirin ne ke sa magana daɗi. Aikin mai hoto shi ne ya san ranar da ake bukatar wannan da ranar da ake bukatar wancan, ya kuma tambayi kansa kafin ya danna, shin hoton nan nawa ne, ko amanar mutane ce?

Yanzu Yaya yana yawo da idanu biyu a jaka. In taro ne sabon yake ɗaurawa, ya jera manya a tsakiya, ya ɗauka sau uku, ya duba fuskar kowa kafin ya sallame su. Hoton Sallar nan kuwa yana rataye a ɗakin mahaifiyarmu, ta hana a sauke shi. Allah ya ji ƙan Inna, ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa wa sana'o'in samarinmu albarka, amin.